Tankin da Yaya Ya Cika

Shekarun da na yi ina karatu a Alƙahira sun fara sulalewa daga kaina ɗaya bayan ɗaya. Fuskar mai sayar mana da wake da burodi a ƙasan gidanmu ta dushe, hanyar da 'yar motar haya ta mikrobas ke bi da mu zuwa Abbasiya ma sai na yi dogon tunani kafin na tuno ta. Amma akwai wata safiyar Juma'a a cikin yashin bayan dalar Fir'auna wadda ko tsufa ya cinye sauran, ita kam tana nan daram, ba zan taɓa mantawa da ita ba. Abin dariyar kuma, ni mai ba da labarin nan ko keke ban gama iyawa ba, balle babur.

Mu uku muke zaune a can saman wani dogon bene a Madinat Nasr. Babbanmu mutumin wajen Gusau ne, ya girme mu nesa ba kusa ba, yana da mata da 'ya'ya a gida, kuma ya daɗe yana acaba kafin Allah ya buɗe masa hanyar karatu. Yaya muke ce masa. Shi ke tashinmu da asuba, shi ke raba mu in mun yi faɗa a kan wanke-wanke, in ɗayanmu ya kwanta ciwo kuma shi ne uwa shi ne uba. Na biyun ɗan Agadas ne, siriri, mai shiru-shiru, wanda za ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba sai in an taɓo zancen babur. A garejin kawunsa ya tashi, inda Turawa masu keta sahara ke kawo baburansu gyara. Na ukun ni ne, wanda ba abin da ya haɗa shi da inji sai tsoro.

Baburan da suke musu a kansu ba irin na kan titi ba ne. Dogaye ne masu tayoyi masu haƙora, waɗanda ake shiga daji da yashi da su, masu irin injin nan mai hayaƙi da siririyar ƙara, wanda ba ya rayuwa sai fetur ɗinsa ya gauraya da baƙin mai. A wajen Yaya, babur in ba na Japan ba ne to kayan ado ne. Ya ce na Japan ka ba shi fetur ɗin kwalba na bakin titi ya sha, ka ɗora masa buhu da mutum ya tafi, in ya lalace kowane bakanike da ke ƙarƙashin bishiya zai tashe shi, kayan gyaransa kuwa har a kasuwar ƙauye akwai. Na Turai, in ji shi, ɗan gata ne, kullum sai an buɗe shi ana lallashi, in fistin ɗinsa ya ci sai ka jira jirgi. Ɗan Agadas kuwa sai ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi, ya ce na Japan nauyi ne da shi, yana shiga yashi mai laushi sai ya nutse. Na Turai ba nauyi, ga ƙarfi, ga kuloci mai taushi, ka hau tudun yashi da shi bayanka bai sani ba. Ya ce moton Turai, wato babur a bakinsu na Agadas, ba ya lalacewa sai a hannun wanda bai san darajarsa ba.

Wannan musun mun ci abinci da shi, mun yi azumi da shi, mun shiga jarrabawa mun fito da shi. Ni suka naɗa alƙali, ni kuwa nakan ba da gaskiya ga wanda yake riƙe da ludayin miya a ranar. Abin da na lura da shi daga baya shi ne, duk tsawon surutun nan ba wanda ya taɓa sauraren ɗan'uwansa. Kowa jira yake ɗayan ya ja numfashi ya cusa tasa. Shi ya sa ba su taɓa zama sun yi zancen yadda ake shayar da baburan ba, kowa ya ɗauka yadda nasa ke sha haka na kowa ke sha.

Ana nan sai tallafin karatun ɗan Agadas ya ƙare. Ya kammala matakin farko da sakamako mai kyau, yana son ya ci gaba, amma ba wanda zai ɗauki nauyinsa. In bai sami abin yi ba, kayansa zai ɗaure ya koma gida. Dama ya saba zuwa wajen wani tsohon Bamisre da ke da fili a bakin sahara, can bayan Giza, yana ba masu yawon buɗe ido hayar babura yana haɗa su da ja-gora. Usɗa muke ce masa, kamar yadda mutanen can ke kiran ubangidan sana'a. A kusurwar filin nan akwai wani tsohon babur na Turai da ya mutu ya daɗe, kaji har sun fara kwana a kansa. Usɗa ya ce wa abokinmu in ya tashe shi da hannunsa, ya shiga sahara da shi ya fito lafiya a gabansa, to zai ɗauke shi ja-gora, da albashin da zai riƙe masa karatu. Watanni yaron nan ya yi yana tafiya can duk ranar da ba darasi, ya dawo da baƙin mai har a gira, ya zauna yana haddace karatu yana gyangyaɗi. Ranar da injin ya tashi a waya ya kira mu, bai ce komai ba, ya dai kara wayar a jikin babur ɗin don mu ji.

Aka sa Juma'a da safe za a yi gwajin. Ranar Alhamis da la'asar ya ja mu muka je mu ga aikinsa. Gaskiya babur ya yi kyau, ni da ban san komai ba ma sai da na shafa shi. Usɗa ya aike shi cikin ƙauyen ya karɓo wani abu, kafin ɗan Agadas ya tafi sai ya juyo ya ce wa Yaya ya hau ya ɗan zaga, ko sau ɗaya a rayuwa ya ji yadda babur yake. Yaya ya yatsina fuska kamar an ba shi magani, ya ce don dai kada a ce ya ƙi. Ya tattare jallabiyarsa ya haye.

Ina tsaye ina kallo mutumin da ya ce zagaye ɗaya zai yi ya ɓace a bayan tudu. Ya dawo ya wuce ni, ya sake dawowa ya sake wucewa, bakinsa a buɗe har ina hango haƙoransa na ciki. Da ya tsaya sai ya gyara fuska ya ce ba laifi, amma dai da sauransa. Sannan ya buɗe tanki ya leƙa, ya ga ya kusa shanye man, sai kunya ta kama shi.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan. In ka ari abin hawan mutum ba ka mayar masa da shi da ƙishirwa, kuma ba ka tsaya kana faɗa masa ka zuba mai, sai dai ya buɗe ya gani. Yaya kuwa a irin wannan ba a kama shi da laifi. Ya ce na hau baya, muka nufi wani gidan mai da ke bakin hanyar ƙauyen, ya sa aka cika tankin har wuya. Sai ya durƙusa yana laluben gefen babur ɗin. A baburan Japan da ya yi acaba da su, baƙin mai yana da ɗan tankinsa daban a gefe, kai dai ka zuba fetur zalla, babur ya gauraya abinsa da kansa. Ya duba bai ga tankin ba, amma ya ga wani ɗan gilashi a jikin inji da mai a ciki, ya ce tamam, ga shi nan, Turawa ne da son ɓoye abu. A hanyar dawowa ya ce mini kada na kuskura na faɗa, yaro yana cikin hali, gobe ranarsa ce, wannan ɗan abin ne kawai zai iya yi masa. Ni har na ji ya ƙara girma a idona.

Washegari muna idar da sallar asuba muka kama hanya, don a shiga a fito kafin lokacin Juma'a. Ɗan Agadas ya je da jarkar da ya haɗa mansa a ciki, ya buɗe tanki ya gan shi fal. Ya dubi wajen Usɗa, wanda ke can yana ɗaure takalmi, ya yi ɗan murmushi ya ajiye jarkar. Ya ɗauka tsohon ne ya yi masa kara. Shi ma tarbiyyar ɗaya ce, ba a tsare babba da tambayar abin da ya yi maka a ɓoye.

Shi ne a gaba, Usɗa na binsa a kan nasa, sai ni da Yaya a ƙarshe a kan wani tsohon na Japan da Yaya ya zaɓa da kansa yana shafa masa tanki. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin safiyar nan ba, ko da yake rabin kallon da ido ɗaya na yi shi, hannuwana a sarƙe a cikin Yaya ina karanto duk addu'ar da na sani. Rana ta fara fitowa, dalar nan ta koma 'yar ƙarama a bayanmu, gari ya ɓace. Abokinmu kuwa sai ka rantse a kan babur aka haife shi. Yana tsaye a kan matakan ƙafa, ya haye tudu ya sauka, ya waiwayo ya ga ko muna biye, ya nuna mana inda yashi ya fi tauri. Mu namu yana nishi yana jan jiki amma yana tafiya. Har Yaya ya karkato kai ya ce mini, cikin muryar wanda ake zare wa magana da ƙarfi, in duba in ga, abin ko hayaƙi ba ya yi.

Ba mu daɗe da wuce wani fili mai tsakuwa ba sai ƙarar babur ɗin gaba ta canza, ta yi wani irin kuka, ta ɗauke ɗif. Tayar baya ta ƙame tana jan yashi. Abokinmu ya yi ta maza ya riƙe shi har ya tsaya bai faɗi ba. Mu muka fara isa, don Usɗa ya zagaya ta bayan wani tudu. Ɗan Agadas ya taka kik, kik ya ƙi motsi. Injin ya buga.

Ya sauka daga kan babur ɗin. Sannan ya buɗe tanki, ya tsoma yatsa, ya murza shi da ɗan'uwansa. Fetur ɗin ya bushe nan take, ba maiƙo ko kaɗan. Yaya a lokacin yana can yana kokawar kafe namu a cikin yashi. Ɗan Agadas ya ɗago ya dube ni, ni kuwa Allah bai ba ni fuskar ɓoye abu ba.

"Wa ya zuba mai?" ya tambaye ni a hankali.

Na ce Yaya ne, jiya, ya ce kada a faɗa maka.

Ya mayar da murfin tankin ya ɗaure shi sosai, ya ce, "To kada ka faɗa."

A lokacin ban ma gane abin da ya faru ba, na dai ga alamar akwai matsala a man. Usɗa ya iso ya kashe nasa, ya taka kik ɗin shi ma, ya girgiza kai, ya tambayi abin da ya faru. Ina jin abokin nan namu ya ce masa injin ya buga, kuma a hannunsa ya buga. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya ba. Tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, aikin inji ba a yi masa gaggawa, wataƙila wata shekarar. Kowa a wurin ya san babu wata shekarar.

Yaya ya zo ya tsaya. Na san shi, na ga yadda tausayi da jin daɗin cin musu suke kokawa a fuskarsa, kuma tausayin ne ya yi rinjaye, amma ba duka ba. Ya kwance igiyar da ke ɗaure a bayan sirdi ya ɗaura babur ɗin Turai a jikin na Japan. Ni aka mayar da ni bayan Usɗa. Haka muka juyo, tsohon na Japan yana ta aman hayaƙi yana jan ɗan'uwansa, a wuri mai laushi mu sauka mu tura, a wuri mai tauri mu hau. Da muka tsaya shan ruwa, Yaya ya kasa daurewa. Ya ce, a tausashe dai, "Ƙanena, ka yi haƙuri. Amma ai na sha faɗa maka halinsu."

Ɗan Agadas ya kurɓi ruwa ya miƙa masa gorar. Ya ce, "Ka faɗa, Yaya. Kai ke da gaskiya."

Wallahi ban taɓa jin magana ta yi mini ciwo irin wannan ba. Mutumin da bai taɓa sakar wa Yaya ko taku ɗaya a musun nan ba, yau ya sakar masa duka, ga karatunsa ya bi ruwa, kuma yana kallon wanda ya jawo yana yi masa nasiha. Na buɗe baki, ɗan Agadas ya harare ni, na rufe.

Muka iso fili rana ta ɗaga. Muna zaune a inuwa, sai Usɗa ya tashi zai shirya wani babur na Turai da wasu baƙi za su hau bayan Juma'a. Ya ɗauko jarka, ya auna baƙin mai a wani ɗan kofi, ya tuttula a cikin fetur, ya rufe ya shiga girgizawa. Yaya, da son sanin komai, ya tambaye shi me yake yi. Tsohon ya ce ai waɗannan ba su da tankin baƙin mai irin na Japan, da hannu ake haɗa musu, in ka ba su fetur zalla ba za su yi nisa ba injin zai ƙone. Yaya ya ce to wannan ɗan gilashin na gefe fa? Usɗa ya ce wannan man giyar babur ne, ba ruwansa da fistin.

Nan take Yaya ya gane. Ya dubi jarkar, ya dubi mataccen babur ɗin, ya juyo ya dubi ɗan Agadas, wanda ya sunkuyar da kai yana wasa da tsakuwa. Ya tambaye shi da Hausa ko ya sani. Sai ɗan Agadas ya ce, "Yaya, alheri ka yi mini. Khalas, ya wuce."

Bai wuce ba. Yaya ya miƙe ya je gaban Usɗa ya tsaya ƙiƙam. Tsabar ruɗewa Larabcin kasuwar da ya koya duk ya gudu ya bar shi, sai na littafi ya rage, ya shiga zuba shi kamar mai huɗuba, da wasullansa cikakku. Ya ce shi ne ya zuba man, yaron nan ba shi da laifi, aikinsa ba shi da aibi, shi jahilcinsa ne ya kashe injin, kuma in akwai wanda za a kora daga filin nan shi ne. Hawaye na bin gemunsa. Mutumin da muke jin nauyin ko dariya mu yi da ƙarfi a gabansa.

Usɗa ya saurara har ƙarshe, baki sake. Sai ya tambayi dalilin da ya sa mutum zai zuba wa wani mai bai faɗa masa ba. Ni na yi ƙoƙarin yi masa bayanin cewa haka ake yi a wajenmu. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya yana share ido. Da ya nutsu ya juya kan ɗan Agadas, kuma a nan ba dariya. Ya wanke shi tas. Ya ce mahayin da zai ga tanki a cike ya tafi bai tsoma yatsa ba, don kunya ko don me, wata rana zai kashe kansa da baƙinsa. Sannan ya tambaye shi me ya sa ya yi shiru a can alhali ya gane.

Ɗan Agadas ya ce, "Yayana ne."

Tsohon bai ce ya ɗauke shi ba. Ya dai shuri tayar babur ɗin da gefen ƙafa ya ce a buɗe shi gobe, in ya sake tashi a sake shiga.

A nan ne fa maganar Yaya ta farko ta tabbata, don fistin ɗin babur ɗin nan sai da ya gwada mana iyakarmu. Yaya ya ɗauki tsohon fistin ɗin a aljihu, ya bi lunguna daga Wustul Balad, tsakiyar birni, har unguwannin da bai taɓa jin sunansu ba, kowane shago a ce masa da na Japan ne da yanzu an ba shi. Ya rame, ya yi baƙi, bai fasa ba har sai da ya samo shi a wajen wani mai tara tsofaffin injuna. Ranar gwaji na biyu shi ya girgiza jarkar da hannunsa, ɗan Agadas na tsaye a kansa. Suka shiga suka fito lafiya. Ni ban bi su ba, na ce wani ya kamata ya tsaya ya yi musu addu'a daga inuwa.

Abokinmu ya sami aikin, ya ƙarasa karatunsa. Musu kuwa bai mutu ba, juyewa ya yi. Yaya ya koma yana gaya wa duk baƙon da ya zo gidanmu cewa na Turai ba ya lalacewa sai a hannun jahili, kuma shi shaida ne. Ɗan Agadas ya ce a'a, shi dai abin da ya gani da idonsa, na Japan ne ya jawo su daga sahara. In aka matsa mini ni alƙali, sai na ce ɗaya yana yafe maka sakacinka, ɗaya ba ya yafewa amma yana saka maka in ka kula da shi, kowa ya zaɓi wanda ya dace da halinsa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan bai shafi inji ba. Na koyi cewa alherin da aka yi a ɓoye ba tare da an san buƙatar mutum ba yana iya zame masa masifa, don haka yanzu kafin na taimaki wani sai na cire kunya na tambaye shi yadda abinsa yake. Na kuma ga amincin da suka shekara suna nema a jikin ƙarfe, na gan shi a jikin mutane biyu: ɗaya ya yarda ya rasa karatunsa don kada babbansa ya ji kunya a gaban bare, ɗayan kuma ya zubar da girman nasa da hannunsa don kada ƙaninsa ya rasa. Tun daga ranar, in zan yi aboki, irin waɗannan biyun nake roƙon Allah Ya ba ni.